Yadda Ake Tantance Tsohuwar Kwandalar da Aka Goge, a Yi Mata Kuɗi

Da yawa daga cikin tsofaffin kwandalolin da ke shigowa hannun mutum, ta gado ko ta saye, wani ya taɓa goge su. Wani da toka, wani da man goge baki, wani da ruwan sinadari, kuma kowannensu da niyyar gyara ya yi. A wurin masu tara tsofaffin kuɗi kuwa, wannan gyaran ɓarna ce. Abin da suke biya da tsada shi ne fatar ƙarfen yadda ta fito daga gidan bugu, tare da launin da shekaru suka ɗora mata. Wanda ya goge ya kankare wani sashe na wannan fatar, kuma ba ta sake tsirowa.

Duk da haka kwandalar da aka goge tana da kuɗinta, wani lokaci ma mai kauri. Inda mutane ke yin kuskure shi ne cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a auna daban: yawan shafewar da zanenta ya yi saboda yawo a hannun jama'a, da kuma abin da mai gogewa ya yi wa fuskarta. Ka auna na farko, ka auna na biyu, sannan ka zo kan farashi. In ka soma da farashi, idonka zai riƙa ganin abin da kake so ya gani.

Kayan aiki

Kana buƙatar gilashin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 10. Wanda ya wuce haka yana mayar da kowane ɗan tabo ya zama babban aibi, sai ka rage wa kwandala matakin da ta cancanta a ma'aunin shafewar zane. Kana buƙatar sikelin lantarki mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, wato 0.01, da ma'aunin faɗi da kauri irin na makanikai, gara na roba don kada ya karce gefe, da mayen ƙarfe, da tawul mai laushi da za ka shimfiɗa a kan tebur.

Fitila ita ce uwa uba. A samu fitilar tebur mai ƙwai ɗaya wadda haskenta ke fitowa daga wuri guda, a rufe taga, a kashe sauran fitilun ɗaki. Dogon ƙwan lantarki da hasken rana mai bazuwa suna ɓoye siraran layukan gogewa, har kwandalar da aka dirza ta zama kamar ba a taɓa ta ba. Riƙo kuma a gefe ake yi, tsakanin babban yatsa da manuni, da hannu wankakke busasshe. Kada ka yi magana a kanta, domin ɗigon yawu yana barin baƙin tabo a kan tagulla bayan wasu watanni.

Mataki na farko: gane ko wace ce

Rubuta ƙasa, shekara, adadin kuɗin, irin ƙarfen, da harafin gidan bugu in akwai. Wannan ɗan harafin yana iya zama rabin labarin. Ɗauki dalar azurfa ta Amurka da ake kira Morgan, wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904, aka sake bugawa a 1921. Harafin yana baya, ƙarƙashin zanen ganyen da ya kewaye gaggafa: S na San Faransisko, O na Niyu Olins, CC na Kason Siti, in kuma babu harafi to Filadelfiya ce. A 1893 gidan bugu na San Faransisko ya buga guda 100,000 kacal, alhali a 1921 Filadelfiya kaɗai ta buga sama da miliyan 44. Zane ɗaya, nauyi ɗaya, azurfa ɗaya, amma tsakanin farashinsu akwai tazarar da gogewa ba ta isa ta cike ba.

Akwai kuma kwandalolin da shekarar da ke jikinsu ba ita ce shekarar bugunsu ba. Talar Mariya Tareza ta Ostiriya tana ɗauke da 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zamaninmu, a gidajen bugu daban-daban. Ganin 1780 a jikinta ba ya nufin ta haura shekara ɗari biyu. Galibin waɗanda ake gani, kuɗinsu bai yi nisa da kuɗin azurfarsu ba.

Mataki na biyu: tabbatar ta gaske ce

Babu amfanin ba jabu mataki. Ɗora ta a sikeli, ka auna faɗinta, ka kwatanta da abin da kundin kuɗin ƙasar ya faɗa. Dalar Morgan giram 26.73 ce, faɗinta milimita 38.1, kashi 90 cikin ɗari azurfa, sauran jan ƙarfe. Talar Mariya Tareza wajen giram 28.07 ce, azurfarta kashi 83.3. Fam ɗin zinariya na Ingila giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22.05, karat 22. Kwandalar da ta sha hannu sosai takan rasa ɗan nauyi, wannan ba abin damuwa ba ne. Abin tsoro shi ne wadda zanenta ya fito raɗau amma ta gaza da giram ɗaya ko biyu, ko wadda nauyinta ya yi daidai amma ta fi kauri.

Kusanta mayen ƙarfe. Azurfa, zinariya da tagulla ba sa mannewa. In ta manne, kuma kundin ya ce azurfa ce, magana ta ƙare. In ba ta manne ba, ba ka tabbatar da komai ba tukuna, domin akwai jabun da ake yi da ƙarafan da su ma ba sa mannewa.

Gwajin da ya fi ƙarfi a gida shi ne na ruwa. Ɗora ƙaramin kofin ruwa a kan sikeli, ka mayar da shi sifili. Ɗaure kwandalar da siririn zare, ka zura ta cikin ruwan ta nutse gaba ɗaya ba tare da ta taɓa gindi ko bangon kofin ba. Lambar da sikelin ya nuna, da ita za ka raba nauyin kwandalar a bushe. Azurfa zalla tana ba da 10.49, mai kashi 90 tana ba da wajen 10.3, jan ƙarfe 8.96, zinariya zalla 19.32. Ga dalar Morgan sikelin zai nuna wajen 2.59 a cikin ruwa. In ya nuna 3.0, sakamakon ya faɗo kusa da 8.9, ke nan jan ƙarfe ne aka yi wa rufin azurfa. Kumfar iska da ta maƙale a jikin kwandala tana ɓata lissafi, don haka a girgiza zaren a hankali, a maimaita sau uku. Bayan gwajin a ɗauraye da tataccen ruwa, a jingine ta ta bushe da kanta.

Sannan duba gefenta. Layin haɗi da ya kewaye gefen, ko ƙananan ramuka da ƙuraje a fili, alama ce ta zubi aka yi, ba bugu ba. Duba saman kwandalar, daidai inda ƙarfe goma sha biyu yake a agogo: nan ake samun ragowar dalma ko alamar zarto in an taɓa liƙa mata marataya, ko ramin da aka toshe. Kuma ka tsaya sosai a kan harafin gidan bugu da lambobin shekara. Masu ha'inci sukan liƙa harafi a kan kwandala ta gama-gari, ko su sassaƙe lamba ɗaya, sannan su goge fuskar duka domin launin wurin da suka taɓa ya saje da sauran. Saboda haka kwandala mai wuyar samu da aka goge ta fi buƙatar bincike a kan wadda ba a goge ba.

Mataki na uku: karanta abin da aka yi wa fuskar

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci.

Lokacin da hatimin ƙarfe ya doki kwandala, ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa baki, ya bar wasu siraran jijiyoyi da ido ba ya rarrabewa. Su ne ke haifar da ƙyallin asali. Riƙe kwandalar ƙarƙashin fitila, ka karkata ta, ka juya a hankali. In ƙyallin na asali ne, za ka ga haske ya tsaya a tsaye daga baki zuwa baki yana kewayawa kamar reshen fanka. In an goge, hasken yakan bazu ko'ina lokaci guda, ko ya yi walƙiya a wuri ɗaya ya ɓace, ba ya kewayawa. A kwandalar da ta yi yawo kaɗan, ƙyallin asali yana saura ne a lungunan haruffa da kewayen taurari, inda yatsa ba ya kaiwa. Fili ya dushe, lungu na ƙyalli: haka tsufa na gaskiya yake. In ka ga akasin haka, wato kumatu da fili na sheƙi amma lungu ya yi baƙi, hannun mutum ne.

Gogewa iri-iri ce, kowacce da sawunta.

Shafa da ƙyalle, ko toka, ko soda, ko man goge baki, yana barin siraran layuka masu tafiya tare a jere, galibi zuwa fuska ɗaya ko a kewaye. Ba a ganinsu sai hasken ya faɗo ta wata kusurwa, shi ya sa za ka juya kwandalar zagaye cikakke, kana karkata ta gaba da baya. Sukan bayyana farat ɗaya, su sake ɓacewa da ka motsa. Suna hawa kan fili, su hau kan fuskar sarki da haruffa, su sauka ta ɗaya gefen.

Kada ka rikita su da layukan da suka zo daga gidan bugu. Ma'aikata kan goge hatimin kansa, kuma karcen da ke jikin hatimi yana fitowa a kwandala a matsayin layi mai tudu. Layin mai gogewa rami ne, na hatimi tudu ne. Na hatimi yana tsayawa cak a bakin harafi, ya ci gaba a ɗaya gefen kamar ya bi ta ƙarƙashinsa, domin fili shi ne wuri mafi tsayi a jikin hatimi. Wannan ba aibi ba ne. Haka ma wasu kwandalolin azurfa da zinariya na ƙarni na 18, na Faransa da na farkon Amurka, suna da sawun zarto da aka yi kafin bugu domin rage nauyin da ya wuce ƙa'ida. Manyan dalolin azurfa kuma da aka riƙa zubawa dubu-dubu a buhu suna da tabon karo da juna, gajeru, ba tsari, kowanne da inda ya dosa. Duk waɗannan ba gogewa ba ne.

Tsomawa a ruwan sinadari daban take. Baƙin da azurfa ke yi haɗuwarta ce da farar wuta da ke cikin iska, kuma ruwan tsomawa yana narkar da wannan baƙin tare da ɗan ƙarfen da ke cikinsa. Tsomawa ɗaya ta ɗan lokaci a kwandalar da ba ta yi yawo ba sau da yawa ba ta barin sawu, kuma kasuwa takan karɓa. Maimaitawa ce ke cinye jijiyoyin ƙyallin, sai fuskar ta koma fari fat, ko toka-toka, ba rai. Babbar alama ita ce rashin dacewa: kwandalar da zanenta ya shafe rabi, ta shekara ɗari da ɗoriya, amma fara sol ba ɗigon dauɗa ko a cikin haruffa. Azurfar da ta yi irin wannan yawon toka-toka take zama, lungunanta su fi duhu.

Man goge ƙarfe yana sa sheƙi mai santsi a ko'ina, yana kuma dasashe kaifin haruffa da gashin kai. Sa gilashi a cikin haruffa irin su A da R, sau da yawa za ka tarar da busasshen farin man ko ja-ja a maƙale. Wanda ya fi wannan muni shi ne burushin waya mai juyawa da inji, wanda ake yi da gangan domin kwaikwayon ƙyallin asali. Yana tura ƙarfen gefe guda, sai ka ga ɗan tudu siriri ya taru a bakin haruffa da lambobi ta ɓangare ɗaya, ƙyallin kuma ya yi kauri fiye da kima har a wuraren da suka shafe.

Ruwan lemun tsami, binega da sauran masu tsami suna cin fuskar, su bar ta da ƙananan ramuka, ta yi kaushi. A kan jan ƙarfe da tagulla ba sa ɓuya: launin yakan koma ruwan hoda ko ruwan lemu mai haske, wanda ba ya kama da jan sabuwar kwandala, ba ya kuma kama da ruwan ƙasa mai duhu na tsohuwa.

Sai kuma wadda aka goge tun da daɗewa, launi ya sake hawa. Ita ce mai wuyar kamawa. Nemi baƙin da'ira siririya a kewayen taurari da haruffa, ragowar tsohuwar dauɗar da ƙyalle bai kai gare ta ba, alhali filin ya fi haske. Nemi layukan a ƙarƙashin launin. Ka kuma yi hattara da launi mai ɗaukar ido, shuɗi da shunayya da suka kwanta a sama tamkar an shafa, suka hau tudu da kwari bai ɗaya. Akan yi shi da zafi ko sinadari domin rufe gogewa.

Bayan ka gama, ka rubuta hukuncinka cikin ɗaya daga uku. Mai sauƙi: sai an nema da fitila ake gani, launi ya dawo, kwandalar na da kyan gani a hannu. Matsakaiciya: ana ganin layukan ko farin da ido da zarar an karkata. Mai tsanani: sheƙin mai, burushin inji, cin sinadari, ana gani daga nesa. Duba fuska biyun daban, amma ka sani fuskar gaba ta fi nauyi a idon mai saye.

Mataki na huɗu: ka ba ta matakin shafewa

Yanzu ka manta da gogewar, ka dubi zane kawai. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne na 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949 domin tsofaffin manyan santocin Amurka, daga baya aka faɗaɗa shi ga sauran kuɗi a shekarun 1970. Haruffan da ake rubutawa su ne kamar haka. G, lamba 4 zuwa 6: zane ya shafe ya bar siffa kawai, amma ana karanta shekara da yawancin rubutu. VG, 8 zuwa 10: bakin kwandala ya fito cikakke, an soma ganin manyan layuka. F, 12 zuwa 15: wajen rabin ƙananan zane na nan. VF, 20 zuwa 35: yawancin zane na nan, tuddai sun baje. XF ko EF, 40 zuwa 45: shafewa kaɗan a wurare mafi tsayi kawai. AU, 50 zuwa 58: ɗan gugar hannu a ƙololuwar zane, yawancin ƙyalli na nan. MS, 60 zuwa 70: ba ta yi yawo ba sam. 'Yan kasuwar Ingila suna amfani da kusan waɗannan haruffan ba tare da lamba ba, kuma sun fi tsanani, don haka EF ɗinsu takan fi ta Amurka kyau. Ka san da wane ma'auni aka rubuta farashin da kake karantawa.

Kowace irin kwandala tana da wuraren da ke fara shafewa. A dalar Morgan, gashin da ke saman kunne, kumatu, da gashin ƙirjin gaggafa. A kuɗin da ke da kan sarki, dubi gashin kai, kunne, gira, da duwatsun kambi. Nemi hotunan irin kwandalarka da ƙwararru suka ba mataki, ka jera ta da su daga ƙasa zuwa sama, ka tsaya a hoton farko da ya fi taka kyau, sannan ka koma baya da ɗaya.

A nan gogewa tana jawo matsala ta musamman. Wasu kwandalolin tun daga gidan bugu zanensu bai fito sosai ba, domin bugun ya yi rauni. Dalolin Morgan na Niyu Olins sun shahara da haka, a saman kunne da ƙirjin gaggafa. A kwandalar da ba a taɓa ba, rarrabewa mai sauƙi ce: in wurin ya baje amma ƙyalli na kansa, raunin bugu ne, in launin wurin ya sauya ya dushe, shafewa ce. Gogewa tana share wannan shaidar. Abin da ya rage maka shi ne kwatanta wurare: in saman kunne ya baje amma kumatu, bakin kwandala da kan haruffa duk suna da kaifi, ka karkata ga raunin bugu. In shakka ta tsaya tsakanin mataki biyu, ɗauki na ƙasa, domin mai saye ma haka zai yi.

Manyan kamfanonin tantancewa biyu na Amurka, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, ba sa ba kwandalar da aka goge lamba. Suna rufe ta a kwanson roba, su tabbatar ta gaske ce, su rubuta haruffan matakin tare da kalmar Details da sunan aibin, misali XF Details, Cleaned, wato zanenta XF ne amma an goge ta. PCGS tana kuma da lambobin aibi: 92 gogewa, 91 launin da ake shakka, 94 fuskar da aka sauya, 95 karce, 97 ɓarnar muhalli, 98 lahani. Kai ma haka za ka rubuta naka: zane XF, gogewa matsakaiciya, a fuskar gaba.

Mataki na biyar: yi mata kuɗi

Soma da ƙasa, wato kuɗin ƙarfen. Nauyi sau tsarkin ƙarfe, a raba da 31.1, wanda shi ne giram ɗin oza ɗaya ta awon zinariya da azurfa, sannan a ninka da farashin oza na ranar. Dalar Morgan: 26.73 sau 0.9 ya ba da giram 24.06, wato oza 0.773. Fam ɗin zinariya: 7.98 sau 0.9167 ya ba da giram 7.32, oza 0.235. Kula da shekara, domin ƙasashe sun riƙa rage azurfa. Kuɗin azurfar Birtaniya kashi 92.5 ne har 1919, ya koma kashi 50 daga 1920 zuwa 1946, daga 1947 kuma babu azurfa a ciki ko kaɗan. Komai munin gogewa, kwandala ba ta faɗuwa ƙasa da wannan lissafin sai da ɗan ribar mai saye.

Sannan nemo sama, wato farashin irinta a wannan matakin in ba a taɓa ta ba. Rubuta har da farashin mataki ɗaya da biyu da ke ƙasa, za ka buƙace su. Kundin farashi jagora ne kawai. Abin dogaro shi ne cinikin da aka riga aka yi: taskar sakamakon gwanjo ta kamfanoni irin su Heritage, Stack's Bowers da Spink, da jerin abin da aka sayar a eBay. Kuɗin da mai kaya ya sa bai zama farashi ba sai wani ya biya. Nemi ciniki uku zuwa biyar na baya-bayan nan, shekara ɗaya, harafi ɗaya, mataki ɗaya, masu ɗauke da Details, ka buɗe hotunansu ka ga wacce gogewarta ta yi kama da taka. Jefar da mafi tsada da mafi arha. Duba kuma ko an haɗa da ladan gidan gwanjo a lambar da aka nuna, domin yakan kai wajen kashi 20 cikin ɗari.

In ba ka sami irin wannan cinikin ba, yi ƙiyasi da matakai. Gogewa mai sauƙi, sauko da mataki ɗaya. Matsakaiciya, mataki ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai tsanani, ka fara lissafi daga kuɗin ƙarfe ka ɗan ɗaga. Ga misali da lambobin ƙaddarawa kawai: a ce ƙarfenta 25, F tana 40, VF tana 60, XF tana 100. Kwandala mai zanen XF da gogewa mai sauƙi za ta zauna tsakanin 60 da 75, matsakaiciya tsakanin 40 da 55, wadda aka yi wa burushin inji tsakanin 25 da 35. Wannan hanyar ta fi cire kaso ɗaya tsayayye, domin tazarar farashi tsakanin matakai ba ɗaya ba ce. A inda farashi ke tsalle, kamar daga AU zuwa MS, asarar ta fi zafi: kwandalar da ba ta taɓa yawo ba amma aka dirza ta takan koma farashin AU, wani lokaci har XF, domin ƙyallin da ake biya dominsa shi ne aka cire.

Irin kwandalar ma tana sauya lissafin. Zinariya ta gama-gari da ake saye don ƙarfenta, gogewa ba ta rage mata abin kirki. Jan ƙarfe da tagulla su suka fi shan wuya, domin ba su da kuɗin ƙarfen da zai tare su, kuma masu tara su launi suke bi. Mai wuyar samu ƙwarai tana da masu nema ko an goge ta, domin akwai wanda ba zai iya sayen lafiyayyiya ba kuma yana son cike gurbi. Ta gama-gari kuwa da ake samun lafiyayyunta ko'ina, da wuya mai tara kuɗi ya waiwaye ta.

Kuɗin zamanin da, na Rum da Girka da makamantansu, hukuncinsu daban. Kusan dukkansu daga ƙasa aka tono su, kuma sai an cire musu ƙasa kafin a ga zane, don haka ba a kama su da laifin wanki. Abin da ake dubawa shi ne ko an bar ɓawon tsufa, kore ko ruwan ƙasa mai tauri da ke kan tagulla, ko an kankare shi har ƙarfe ya fito tsirara. Ana kuma duba ko an daddale fili da kayan aiki, ko an sake sassaƙa gashi da haruffa. Sake sassaƙa shi ne mafi muni. Sashen NGC na irin waɗannan kuɗin yana ba bugu maki 1 zuwa 5, fuska ma 1 zuwa 5, ban da matakin shafewa.

Lambar da ka samu ita ce abin da mai tara kuɗi zai biya. Ɗan kasuwa zai ba ka ƙasa da haka, domin kayan da aka goge suna daɗewa a hannunsa. In gwanjo za ka kai, cire ladansu da kuɗin aikawa da inshora. Wannan lissafin ne kuma zai gaya maka ko ya dace a aika ta kamfanin tantancewa: in kuɗin aikin da na aikawa sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na ƙimarta, bar shi. In kuwa shekara ce da aka san ana yi wa jabu, kamar Morgan ta 1893 mai S, aika ta ko da ka tabbata Details za ta samu, domin shaidar cewa ta gaske ce ita ce ke sayar da ita.

Abin da za a iya yi mata yanzu

Kada ka ƙara gogewa da sunan daidaita wadda aka yi. Kada ka sa mata ƙwai, farar wuta ko zafi domin launi ya dawo, masu ido suna ganewa kuma aibi ya zama biyu. In akwai maiƙo, ko ragowar gam, ko wani kore mai danƙo da tsohuwar jakar roba mai laushi ke bari, ruwan sinadarin da ake kira asiton, in zalla ne, yana narkar da su ba tare da ya ci azurfa ko zinariya ba. A zuba a kofin gilashi, a jiƙa minti biyar zuwa goma, a sauya sabo a ɗauraye, a bari ta bushe a iska, ba shafawa. Ba na cire jan farce ba, wannan yana da turare da mai. Asiton yana kama wuta da sauri, a yi a wuri mai iska nesa da harshen wuta. Ga jan ƙarfe a taƙaita lokacin. In ka ga kore mai haske mai gari-gari yana tasowa a kan tagulla, yana dawowa bayan an kaɗe, wannan cuta ce mai ci gaba da cin ƙarfe: ware ta daga sauran, ka sa ta a busasshen wuri, ka kai wa ƙwararren mai adana kayan tarihi.

Ajiya a kwanson roba mai tauri ko jakar da aka rubuta ba ta da PVC, wato robar nan mai barin koren danƙo, kowace kwandala ita kaɗai, da ƙunshin tsotse danshi a cikin akwatin. Fuskar da aka goge tsirara take, ta fi saurin ɗaukar tabo da sawun yatsa.

Wajen sayarwa, ɗauki hoto huɗu aƙalla: gaba, baya, gefe, da ɗaya a karkace ƙarƙashin fitila inda layukan suka fito. Rubuta nauyi, faɗi, matakin zane, irin gogewar da fuskar da take, da duk wani tabo a baki. In kwandalar ba ta cikin kwanson kamfani, ka ba mai saye 'yan kwanaki na dubawa da damar mayarwa, ka kuma ajiye hotunanka da nauyin da ka auna har zuwa 0.01, domin ka iya tabbatar da cewa wadda aka dawo maka da ita ita ce wadda ka aika.